Faifai Arba'in da Uku

Saratu, ni ne na musanya fayafayan Kaka. Na fara da wannan don kada ki yi nisa da karatu kina ganin yayanki mutumin kirki ne. Wata Asabar da rana, Kaka yana barcinsa na bayan tuwo, baki buɗe kamar mai jiran a zuba masa shayi, na sauka ɗakin ƙasa, na jawo kwalin da ya shirya don Lahadi, na ciro kowane faifai daga gidansa na roba na saka shi a gidan wani. Arba'in da uku ne. Na ƙirga, domin a lokacin ina alfahari da aikina. Ina yi ina toshe baki kada dariya ta tashe shi. A wurina bai fi ranar da na zuba gishiri a gwangwanin sukari ba, ko ranar da na gaya miki injin wanki yana cin yara kika yi wata guda ba ki bi ta gabansa ba.

Na san shekarata goma sha bakwai ne, kuma masu rubuta tarihin rayuwarsu sukan jira sai haƙoransu sun zube. Ni ba zan iya jira ba. Shekararki shida yanzu, an kuma riga an fara gaya miki cewa sanyin Maryland da ciwon gwiwa ne suka mayar da Kaka gida. Mama ta faɗa sau dubu har ita ma ta fara yarda. Ba haka aka yi ba. Na rubuta da Hausa ne da gangan. Yanzu ana yi miki Hausa kina amsawa da Turanci, to ranar da kika girma kina son gaskiya, sai ki sha wahalar karantawa kamar yadda na sha wahalar rubutawa.

Kaka mahaifin Mama ne, Malam Istifanus. Ya yi shekara arba'in yana koyarwa a firamare kusa da Kafanchan, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa ogan a coci. Da kakarmu Ladi ta rasu, Mama ta ɗauko shi ta kawo shi gidanmu a Clinton, nan jihar Maryland. Baba yana aiki a wata jiha, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Mama nas ce, rabin rayuwarta a asibiti take. Saboda haka Kaka ya samu kujera ɗaya kusa da taga ya zauna. Ina nufin ya zauna. Wata biyar yana kallon motar maƙwabcinmu tana fita tana dawowa. Na taɓa ɗora masa hular sanyi ta ruwan hoda a ka, taki ce, ya yi awa biyu da ita bai sani ba. A gida, tun ina ƙarami, ba ya kirana Luka. Ɓarawo yake kirana, wai tun ina goye nake neman ƙwace masa mata, ni kuma in kira shi Tsoho. A watannin nan biyar ko Ɓarawon ma da kyar yake fitowa.

A ƙasar nan, idan tsoho ya mutu, 'ya'yansa sukan buɗe ƙofar gida su manna farashi a kan komai, har cokali da takalmin wanka, baƙi su shigo su saya. Wata Asabar Mama ta ja mu zuwa irin wannan gida a Bowie tana neman teburin cin abinci. Ta tilasta wa Kaka ya biyo mu don ya sha iska. Muna can muna jayayya kan tebur, muka neme shi muka rasa. Na same shi a gareji, durƙushe a kan gwiwar nan da ake cewa tana ciwo, gaban kwalaye huɗu cike da fayafayan CD. Duk na kiɗan Turawan da ne, irin wanda mutum tamanin suke zama da goge da sarewa da begila, wani ya tsaya gabansu yana kaɗa sanda kamar mai korar ƙuda. Kaka yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. 'Yar mamacin ta leƙo ta ce da Turancinsu mai sauri mu kwashe duka, ta faɗi kuɗin da bai kai na burodi uku ba.

“Ɓarawo, me ta ce?”

“Ta ce ka kwashe, Tsoho. Shara ce a wurinta.”

“Sake tambayar ta. Ba ta san abin da ke ciki ba. Kada mu cuce ta.”

Na sake tambaya. Matar ta ce in ba mu ɗauka ba, juji za su.

A mota ya ba mu labarin da daga baya na ji sau dubu bakwai. Yana kwalejin horon malamai ya fara jin irin wannan kiɗa, ta tagar wani malami Bature, ya tsaya cikin ruwan sama har faifan ya ƙare. Da ya fara aiki, duk zuwan da zai yi Kaduna sai ya je wani kanti ya tsaya bayan gilashi yana kallon fayafayan garmaho, domin guda ɗaya ya kusa cinye albashin wata. Ya sayi ɗaya tak a rayuwarsa, kakarmu ta yi mako biyu ba ta yi masa magana ba, kuma ba shi da garmahon da zai saka shi. Sau ɗaya a shekara, ranar Kirsimeti, yake ɗaukar faifan a ƙarƙashin riga ya kai gidan wani abokinsa su saurara.

“Shekara hamsin,” ya ce wa Mama, “ina cewa da abin nan yana da araha, da kowane gida ya ji shi. Rifkatu, ga shi ana zubarwa. Ga arahar ta zo.”

Daga ranar kujerar taga ta huta. Kaka ya zama ɗan kasuwa, in dai ana kiran wanda yake sayar da abu dala ɗaya ɗan kasuwa. Duk gidan mamaci tsakanin Clinton da Bowie ya san mu. Ɗakin ƙasa ya cika har injin wanki ya koma kamar baƙo. Ya sayi tsohuwar na'urar saka faifai, ya kafa doka: ba zai sayar da faifan da bai saurara ba daga farko har ƙarshe. Zai goge shi da ƙyalle, ya saka, ya rufe ido. Idan ya ƙare sai ya yanki 'yar takarda ya rubuta da Hausa, da rubutunsa na tsohon malami, ya manna a kan gidan robar, ya ɗaure da zaren roba. Ba ya rubuta sunan wanda ya tsara kiɗan, ya ce wannan yana jiki ga mai so. Ranar da kiɗan ya dace da ita yake rubutawa. “Na wanke-wanke da shara.” “Na mace mai ciki da ta gaji.” “Na safiya, kafin a fita aiki.” “Na bayan faɗa da mata. Ku saurara tare, ba sai an yi magana ba.” “Wannan akwai hayaniya, na samari ne.” Akwai wanda yake nema ko'ina, duk inda ya gan shi sai ya saya, kuma takardarsa ba ta canzawa: “Na ranar da aka yi maka rasuwa. Saurara kai kaɗai. Ajiye waya.”

Na yi ƙoƙarin ceton sa tun da wuri, ki shaida. Na nuna masa wayata.

“Tsoho, duk abin da ke ɗakin nan yana cikin nan. Kyauta. Har da wanda ba ka taɓa ji ba.”

Ya karɓa ya juya ta kamar yana duba kifi a kasuwa.

“To, tambaye ta wanne ne na matar da mijinta ya rasu.”

“Ba haka take aiki ba.”

“Ashe. Ta tara komai, ba ta san na wa ba ne. Karɓi abarka.”

Na ce to ya bayar kyauta mana, me dala ɗaya za ta yi masa. Ya ce shi ya san mutanensa, abin da aka miƙa musu kyauta a bakin coci a mota yake kwana har shekara. In mutum ya buɗe jaka ya ciro dala, ya riga ya yi alkawari da kansa zai saurara.

Cocinmu zaure ne na haya. Bayan sujada ana cin shinkafa ana gaisawa da Hausa, yara suna gudu suna ihu da Turanci. Nan bakin ƙofa Kaka ya kafa teburinsa, kuma ni ne jakinsa. Kowace Lahadi in ɗauko kwali daga ƙasa, in kai mota, in sauke, in tsaya kusa da shi awa biyu yayin da abokaina suke buga ƙwallo a filin baya. Kasuwa kuwa ta yi kyau, kwali ba ya dawowa da nauyi. Mata su durƙusa su gaishe shi su saya. Babban mai saye shi ne Dattijo Bitrus, mai gida a Mitchellville, gidan da sai ka huta sau biyu tsakanin falo da kicin. Uku yake ɗauka kowane mako, ya dawo ya yi jawabi kan yadda kiɗan ya ratsa masa ruhu, da ƙarfi, don a ji. Shi na so in kama. Na so ya saka “na addu'ar safe” ya ji ihu ya fashe masa a falo, ya zo da fushi, Kaka ya bi ni da sanda, kowa ya yi dariya. Wannan ne dukan shirina. Shekarata goma sha biyar, watan Yuni ne, saura mako guda a rufe makaranta.

Lahadin ta zo. Dattijo Bitrus ya ɗauki ukunsa, na kusa shiga ƙarƙashin tebur don dariya. Sai ga Mama Hannatu. Kin san ta, ita ce mai ba ki alewa daga jakarta. Mijinta bai yi wata biyu da rasuwa ba. Kaka ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa kowa, ya laluba cikin kwalin da kansa ya ciro na ranar rasuwa, ya sa mata a hannu biyu.

“Hannatu, 'yata. Da Ladi ta tafi, ba ni da wannan. Da ina da shi, da ban yi wata biyar a kujera ba. Ki rufe ƙofa ki saurara.”

Na san abin da ke ciki. Na samari ne, mai begila da ganga, kamar an saki awaki ɗari a kasuwa ranar Juma'a. Na sunkuya ina gyara kwalin. Ta ba da dalarta ta tafi.

Makon nan ban ci abinci ba. To, na ci, amma ban ji daɗinsa ba. Duk ƙarar waya sai in ce ita ce. Na shirya jawabin ban haƙuri mai sassa uku, na zaɓi ƙasar da zan gudu. Lahadi ta zagayo, Mama Hannatu ta nufo teburin, na riƙe ƙafar tebur ina jira. Ta durƙusa.

“Baba, na saurara. Na yi kuka har na gode wa Allah. Kamar an san abin da ke zuciyata.”

Kaka ya cire tabarau ya goge ido. Ni kuwa na ce a raina, to, baƙin ciki yana juya kunne, wa ya sani. Sai Dattijo Bitrus ya iso ya yi jawabinsa kan natsuwar da na addu'ar safe ya saukar a gidansa, har matarsa ta ce kamar mala'iku. Na san abin da ke cikin wannan ma. Wata mata ce take ƙwala ihu da Italiyanci kamar an taka mata yatsa. Mako ya wuce, wani ya wuce. Duk arba'in da ukun sun fita daga hannunmu. Babu wanda ya dawo.

A watan Agusta Mama ta sauke ni a gidan Mama Hannatu in yanke mata ciyawa, tunda babu mai yi mata yanzu. Na shiga kicin shan ruwa, na ɗaga kai, na gan su a kan firji. Goma sha tara, a jere, kowanne da takardar Kaka, kowanne da zaren robarsa yadda ya ɗaure shi. Na rasuwa yana sama.

“Mama, ina na'urar da kike saka su?”

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya.

“Luka, ɗana, da me zan saka? Tun yaushe rabon gidan nan da irin wannan abu? Motar ma ba ta da wurinsa.”

“Amma kin ce kin yi kuka.”

“Ai na yi kukan. Na riƙe shi a hannu na karanta takardar na yi kuka. Wannan ba ƙarya ba ne.” Ta kama hannuna. “Baba ya tsufa, ya bar ƙasarsa, ya binne matarsa. Dala ɗaya ce. Wa zai wuce teburinsa bai tsaya ba? Kada ka gaya masa, ka ji? Ka yi mini alkawari.”

Da Mama ta zo ɗauka ta, na faɗa mata komai a mota, har da musanyar. Na ɗauka za ta tsaya a gefen titi ta kashe ni ta bar gawata ga ma'aikatan shara. Ba ta ko juyo ba.

“Ka ɗauka ban san babu mai saurara ba? Kowa ya sani, Luka. Kara ake yi masa.”

“Duk cocin?”

“Ka tuna kujerar nan? Ni na tuna. Ina dawowa daga aiki in tsaya a bakin ƙofa in duba ko yana numfashi. Yanzu yana tashi kafin ni, yana guga, yana yi mini faɗa kan na taɓa masa kwali. Ban damu ba ko beraye ne suke saurara. Ka rufe bakinka.”

Na rufe. Na ci gaba da ɗaukar kwali ba gunaguni, har Kaka ya taɓa goshina ya ce a kai Ɓarawo asibiti, ya yi shiru da yawa. Na fara sauka ɗakin ƙasa bayan makaranta in zauna kusa da shi, domin na ga ya kamata a samu ko mutum ɗaya. Ba zan yi miki ƙarya in ce na fahimci kiɗan ba. Yawancinsa kamar jiran bas ne. Amma wata rana ya saka wani mai babban goge ɗaya, ba kowa tare da shi, yana tafiya a hankali kamar tsoho yana hawan bene, sai na ajiye wayata ina saurara. Kaka ya buɗe ido ɗaya ya ce wannan na wace rana ne a ganina. Na ce na ranar da aka dafa wake ne babu mai. Ya jefe ni da ƙyallen gogewa. Yana ta murna, yana cewa yanzu gida sittin ne suke jin abin da shi ya tsaya cikin ruwa don ya ji.

Akwai mutum ɗaya da na manta da shi. Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, direba, shi ke kai Kaka wurin likitan gwiwa idan Mama tana aiki. Musulmi ne, bai taɓa zuwa teburin coci ba. Amma a watan Yunin nan, ranar Litinin, ya sayi biyar daga ragowar kwalin, domin tsohuwar motarsa tana da wurin saka faifai kuma yana wuni a cikinta. Wata Asabar a watan Oktoba, ina share ganye a gaban gida, Mama tana shanya, Kaka yana zaune a bakin ƙofa yana ba ni umarnin da ban nema ba, sai ga motarsa. Ya fito da faifai a hannu. Ya gaida Kaka har ƙasa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki, sannan ya yi ajiyar zuciya.

“Baba Malam, ni dai na kasa. Wagga takarda ta ce na sahiya ne, kahin a hita aiki. Wata huɗu kullum da sahe ina saka shi. Na ce kunnena ne bai yi lakwal ba, bai yi boko ba, in na daure zan ji natsuwar. Baba, bindiga ce ciki! Jiya wani fasinja ya tambaye ni ko yaƙi za mu. Kuma duba, hoton nan mace ce da piyano. Wata huɗu ina jiran piyanon ga, bai zo ba.”

Kaka ya karɓa, ya buɗe, ya kawo faifan kusa da tabarau. Ya juyo a hankali ya dube ni. Sai ya fashe da dariya. Saratu, ban taɓa jin ya yi irin wannan dariyar ba, har tari ya kama shi, yana buga gwiwarsa mai ciwo.

“Ɓarawo! Ɗan banza! Ka sa bawan Allah ya yi wata huɗu yana karin kumallo da igwa! Isuhu, kunnenka lafiyarsa ƙalau, jikana ne shaiɗan.” Ya share hawaye. “Zo nan. Nawa ka musanya?”

Mama tana bayansa da rigar shanya a kafaɗa. Ta ɗaga hannu ɗaya, yatsu biyar a buɗe, tana kallona. Biyar, na Malam Isuhu kaɗai. Da na faɗi haka, da an yi dariya an ci tuwo, da watakila yanzu Kaka yana ƙasa yana yanka takarda. Ni da nake mayar da kare ɗaya karnuka talatin a labari, ni da ban taɓa faɗin lamba daidai ba tun da aka haife ni, ƙarya ɗaya ƙarama aka nema a wurina.

“Arba'in da uku,” na ce.

“Kai! Kwali guda!” Yana dariya har yanzu. “Yaushe?”

“Watan Yuni.”

Na ga lokacin da abin ya iso masa. Malamin lissafi ne shekara arba'in, ba ya bukatar allo. Dariyar ba ta tsaya gaba ɗaya ba, raguwa ta yi kamar an rage muryar rediyo. Ya dubi Malam Isuhu, ya dubi titi, kamar ko akwai wasu motoci suna zuwa.

“Har da na Hannatu?”

“Har da shi.”

“Ta ce ta yi kuka.”

Ya juya ya ga Mama, hannunta bai gama sauka ba.

Na tambayi kaina sau da yawa me ya sa na faɗa. Wani lokaci ina gaya wa kaina cewa na gaji da ganin manya sittin suna lallaɓa shi kamar yaro, mutumin da ya koyar da rabin garinsu karatu, kuma ya cancanci gaskiya. Wannan amsar tana da kyau, shi ya sa ban yarda da ita sosai ba. Wani lokaci ina ganin kawai yana dariya ne, yana alfahari da ɓarnata, na so ya san girmanta. Ban san wacce ce gaskiya ba.

Washegari ya ce in ɗauko kwali kamar kullum. Ya kafa tebur. Dattijo Bitrus ya zo ya fara jawabi kan na makon jiya.

“Ka ji wurin da sarewa ta shigo?” Kaka ya tambaya a hankali.

“Ai Baba, sarewar nan! Sai da na tsayar da abin da nake yi.”

Ina nan lokacin da Kaka ya saurari wannan faifan. Piyano ne kaɗai daga farko har ƙarshe.

“Madalla,” in ji Kaka. “Allah ya yi albarka.”

Bai kunyata kowa ba. Ya karɓi gaisuwar kowa, ya sayar wa duk wanda ya miƙo dala. Da zauren ya watse, ya tsaya yana kallon teburin.

“Luka, naɗe shi.”

Na waiga ina neman wanda yake kira. Daga ranar bai sake ce mini Ɓarawo ba. Bai yi fushi da ni ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Yana gaishe ni da safe, yana tambayar makaranta, da ladabi, kamar ɗan maƙwabta.

Magana ta zaga coci, ban san ta bakin wa ba. Dattijo Bitrus ya sayo sabuwar na'ura ya kawo har gida a kwalinta don Kaka ya gani. Mama Hannatu ta zo da kwanon masa tana kuka, ta durƙusa a falo ta ƙi tashi. Kaka yana kan kujerar taga, ya koma can tun ranar Litinin.

“Tashi, Hannatu. Ba ku yi laifi ba. Kun girmama ni, na gani, na gode. Ni ne na yi kuskure. Shekara hamsin na ɗauka tsada ce ta hana mutane.”

“Baba, za mu saurara yanzu. Wallahi za mu saurara.”

“Na sani. Don ni za ku saurara.”

Na roƙe shi ya sauko ƙasa ya saka mini mai babban gogen nan. Na ce ni ina so, ba kara ba ce. Ya dube ni ya daɗe, na gane ba shi da hanyar sanin ko gaskiya nake faɗa, ni da duk gidan ya san bakina. Ya ce wata rana. Sau ɗaya kawai ya sake sauka ɗakin, ana saura kwana uku ya tafi. Ya wuni a can, ba kiɗa. Da na leƙa, na ga yana ɓare takardunsa daga kan fayafayan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a leda.

Ya koma Kafanchan wurin Kawu Dauda a farkon Disamba. Bai ɗauki faifai ko ɗaya ba, ledar takardun kawai ya saka a jaka. Ya rasu da daminar da ta biyo baya. Kawu ya ce bai ga wata leda a kayansa ba. Na nemi mai babban gogen nan a cikin kwalaye goma sha uku, ba takarda, ban san sunansa ba, ban same shi ba. Malam Isuhu ya ɗauki kwali biyu, iya abin da bayan motarsa ya ci. Shagon kayan gwanjo ya ce ba sa karɓar fayafayai yanzu. Sauran goma sha ɗayan ni da Baba muka kai juji, ni na sauke su. Bara kamfanin da Malam Isuhu yake yi wa tuƙi ya ce motarsa ta tsufa, sai ya canza. Sabuwar ba ta da wurin saka faifai.